Dije, Kafin Ki Kai Yara Andalus

Ƙofar Dumi,
Bauchi.

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da abokan faɗana Sadik da Husna. Allah Ya sa ku fita a sa'a. Ya tsare ku a mota, Ya tsare ku a jirgi, Ya tsare ku a ƙasar da ba ku san kowa ba, Ya dawo mini da ku huɗu lafiya kamar yadda kuka fita.

Dije, tun ranar da kika taso daga Fadaman Mada kika ce mini takardun tafiyarku sun fito, na kasa zama wuri ɗaya. Babu wanda bai ji ba a layinmu. Har mai kawo mini man gyaɗa ta san jikokina za su Andalus su ga masallatai da fadodin da Musulmi suka gina, ko da yake ta ɗauka wani gari ne kusa da Makka. Kin ce na fi yaran ɗoki. Na fi su mana! Su ba su san abin da za su gani ba, ni kuwa na sani.

Jiya da kuka zo sallama gidan ya cika, ban samu na keɓe da ke ba. Ko da na samu ma, akwai maganar da ba zan iya faɗa miki ina kallon idonki ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Zan sa takardar nan a jakar garin kunun da na haɗa muku, ki karanta a mota.

Abin da ya tayar da maganar shi ne tambayar da Husna ta yi miki jiya. Ta ce, "Umma, da kika je kina ƙarama, me kika gani?" Kika yi dariya kika ce, "Ni dai yunwa kawai nake tunawa." Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma da kuka tafi sai maganar ta tsaya mini a rai, don gaskiya kika faɗa, kuma ni na jawo.

Shekarunki bakwai lokacin, yayanki Nura yana da goma. Babanku, Allah Ya jiƙansa, yana ƙarasa karatunsa a Ingila. Kin san shi da tarihi. Tun muna amarci yake ba ni labarin Ƙurɗuba da Garnaɗa, biranen Andalus, kamar a can aka yanke masa cibiya. Ya aiko ya ce kafin ya dawo gida mu same shi a Sifen, ƙasar da Andalus take, mu yi kwana takwas, 'ya'yansa su ga wuraren da idonsu. Ban taɓa shiga jirgi ba. Na yi sati ina murna, ina kuma jin tsoro.

Kuskurena na farko tun daga Bauchi na ɗaure shi a jaka. Matan unguwa suka taru a kaina, kowace da nata labarin, alhali babu wadda ta taɓa wuce Kano a cikinsu. Suka ce ƙasar nan ba abin da ake ci sai alade, har ruwan shayinsu ba a yarda da shi. Na sa aka yi mini kilishi mai yawa, na yi dambun nama da hannuna, na naɗe su a tsohon zane na tura ƙarƙashin kayanki. Babanku ya riga ya rubuto cewa ba a shiga da nama, na ce shi namiji ne, bai san ciyar da yara ba.

Da muka sauka, wata ma'aikaciya ta tambaye ni da Turanci ko ina ɗauke da nama. Na ji ta sarai, ina malamar firamare ai ba zan ce ban gane ba. Na dube ta na ce babu. Sai kika ja mini gyale kika ce, "Inna, kin manta? Akwai kilishi a jakata." Ke a zatonki mantuwa na yi, taimakona kike. Na mintsine ki. Matar ba ta jin Hausa, amma karen da ke tare da su bai buƙaci tafinta ba, kai tsaye ya nufi jakarki. Suka buɗe, suka kwashe, suka zuba a wani babban kwando, ba wanda ya ɗaga mini murya. Na tsaya ina kallo, ke kina shafa hannunki kina kallona.

Ki duba fa, Dije. Na ɗauko naman ne don kada haram ya shiga bakinku, sai ga ƙarya ta fito daga nawa a gabanku. Don haka kada ki ɗauki nama ko kaɗan, ko wa ya kawo miki a matsayin guzuri. Ni ma ban sa ba. Garin kunu ne da yaji da ɗan dabino. In an tambaye ki abin da ke jakarki, ki buɗe ki nuna da kanki. In sun ce wani abu ba zai shiga ba, ki bar musu da fara'a. Yara suna kallon abin da kike yi a gaban hukuma, kuma shi suke ɗauka.

Kuskure na biyu kuwa, da kilishi ya tafi sai na ƙara ƙanƙame ku. Na rantse babu abin da aka ɗora a wuta da zai shiga cikinku. Burodi, ayaba, lemo, ruwan shayi. Da na ji cewa wasu masu gashin burodi suna sa kitsen alade a kayan fulawa, burodin ma na rage. Babanku ya yi ta lallashina.

"Hajara," ya ce, "ƙasar nan fa ta kifi ce. Ga ƙwai, ga dankali, ga shinkafa da ganye."

Na ce, "A wace tukunya aka dafa?"

Ya ce, "Sai mu tambaya."

"Da wane yare? In suka yi mana ƙarya fa?"

Ya ƙyale ni. Kin san ba ya son gardama a gabanku. Shi ma ya zauna yana cin ayaba tare da mu, mutumin da ya yi shekara biyu a Turai yana cin halaliyarsa lafiya lau.

Rana ta huɗu muka hau tudun Garnaɗa, inda fadar sarakunan Musulmi take. Dije, wallahi har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Bango ne, amma an yi masa ado kamar aikin allura a wuyan babbar riga, ba inda za ki ɗora yatsa ki ce nan an bari. Ruwa yana bin ƙananan hanyoyi a tsakiyar ɗakuna, yana fita tsakar gida, yana shiga lambu. Rubutun Larabci ya zagaye ko'ina. Babanku ya riƙe hannun Nura yana karanta masa, ya kai inda ya yi shekaru yana mafarki. Muna tsakiyar haka na waiwaya na gan ki zaune a ƙasa, kin jingina da ginshiƙi, leɓɓanki sun bushe.

Kika ce, "Inna, cikina yana cizona. Wurin yana juyawa."

Babanku ya sunkuya. Ya saɓa ki a kafaɗa muka fita. Ko rabin fadar bai gani ba, kuma bai sake komawa ba har ya bar duniya. Bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba, na yi ta cewa sai wata rana. Ke dai kina nan, to ki yafe mini.

Abin da na koya, kuma na koya a makare, shi ne tsoron Allah daban, waswasi daban. Mai tsoron Allah yana tambaya, ya ji amsa, ya yi bismilla ya ci. Ni ban tambaya ba, na yanke wa ƙasa guda hukunci ina zaune a Ƙofar Dumi. Ke yanzu an sauƙaƙa miki. Wayarki za ta nuna miki inda Musulmi ke sayar da abinci a kowane gari, to ki nemo su tun kafin ku fita masauki, kada ki bari sai yara sun fara kuka. Ki sa a rubuta miki da yarensu, a takarda ko a waya, cewa ba ku cin alade, ba ku cin abin da aka soya da kitsensa, ba ku cin abin da aka zuba wa giya. Ki nuna wa mai abinci da murmushi. Ki tambayi man da suke suya da shi. Alewa mai danƙo da kayan fulawa ki duba abin da aka rubuta a jikinsu, don nan ne abin ya fi ɓuya. In ba ki samu naman da hankalinki ya kwanta da shi ba, ga kifi, ga ƙwai, ga wake. Kuma kada ku shiga kowane wurin tarihi sai cikin yara a cike, da ruwa da dabino a jakarki. Husna ba ta faɗin tana jin yunwa, rigima kawai take farawa, ke kin sani. Yaron da cikinsa ke ƙugi ba ya ganin bango komai kyansa.

Kuskure na uku shi ya fi ba ni kunya. Masaukinmu na wata tsohuwa ce, Kirista, gajera, mai farin gashi. Ta ga an shigo da ke a kafaɗa, ta tambaya, babanku ya yi mata bayani da ɗan abin da ya iya da kuma hannu. Sai ta ɗauki jakarta ta fita. Can sai ga ta ta dawo da sabon kaskon suya, takardar shago ma tana manne a jikinsa. Ta yafito ni zuwa madafa. Ta nuna mini kaskon, ta nuna mini kwalbar man zaitun da ba a buɗe ba, ta nuna mini kifi da dankali da ƙwai, ɗaya bayan ɗaya, tana jiran in ɗaga kai. A gabana ta yi komai. Ni kuma na harɗe hannu na tsaya a kanta kamar mai duba jarrabawa.

Kuka ci, ke da Nura, har kuna lashe yatsu. Ta zubo nawa ta miƙo mini da hannu biyu. Na ture farantin na ce na ƙoshi. Ban ƙoshi ba, girman kai ne kawai, ina jin in na ci kamar na yarda duk taurin kan da na yi na kwana huɗu banza ne. Na ga yadda fuskarta ta sauya. Ta rufe abincin da wani faranti ta fita a hankali.

Babanku ya ce mini da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Hajara, matar nan ba ta san mu ba, ta yi mana abin da addininmu ya ce a yi wa baƙo. Ke me kika nuna mata na addininmu?"

Ranar da za mu bar gidanta ta naɗe kaskon a jarida ta ba ni, ta yi mini nuni wai in riƙa dafa muku a hanya. Kin san shi. Shi ne baƙin kaskon nan mai guntun hannu da nake soya ƙwai, wanda kullum kike cewa in yar ki sayo mini sabo. Yanzu kin ji dalilin da ya sa nake ƙi.

Saboda haka duk wanda ya wahala don ya ba ku abin da za ku iya ci, ki ci a gabansa, ki yaba, ki sa yara su yi godiya. Ki koyi kalmar godiya da yarensu ki koya musu tun a mota. Na sa miki faifai biyu masu kyau da ɗan turaren wuta a gefen jakar. Ba naki ba ne, na wadda za ta yi muku kirki ne, don za ki same ta. A kowace ƙasa akwai irinta.

Kada kuma ki ɗauka daga nan na yi hankali. Daga wannan gefen sai na faɗa wancan. Washegari muna tafiya na hango wani gidan abinci da rubutun Larabci a ƙofa, da fitilu irin na Larabawa. Na ce, "Alhamdu lillahi, ga namu!" Na ja ku muka shiga, na nuna kaza na ce a kawo. Na kai loma biyu kafin babanku ya tambayi mai wurin. Mutumin ya faɗi gaskiyarsa: rubutun ado ne don baƙi, kazar kuwa daga kasuwa yake sayowa, bai san yadda aka yanka ta ba. Babanku ya dube ni, ya dubi farantin, ya ce, "Malama, ke da kika ƙi kifin da aka soya a gabanki?" Ya yi dariya har da hawaye, ni ma ban san lokacin da na fashe ba. Malamai suna da bayani a kan irin wannan naman, ku tambayi wanda kuka yarda da shi ku san matsayarku. Nawa dai shi ne, rubutun Larabci a ƙofa ba shaida ba ce. Baki shi ke tambaya.

Sai masallacin Ƙurɗuba. Kai, Dije! Ki shirya zuciyarki. Za ku bi ta wata tsakar gida mai itatuwan lemo, ku shiga wata ƙofa, sai ki ga kanki a cikin ginshiƙai kamar kin shiga gonar dabino, duk inda kika juya ba ƙarshensu. A kan kowanne an lanƙwasa gini kamar baka, ja da fari, wani bisa wani. Wurin da liman ke tsayawa yana walƙiya kamar an gama shi jiya. Ni da na shiga sai da na dafa Nura.

Amma masallacin nan ya daɗe da komawa majami'a, babanku kuma ya faɗa mini tun a hanya cewa ba a sallah a ciki. Da na ga azahar ta yi sai na shimfiɗa gyalena a wani lungu na tayar da sallah. Mai gadi ya zo, ya tsaya gefe, ya yi mini magana a hankali yana girgiza kai. Aikinsa yake yi. Ni kuwa na fusata, na naɗe gyale, na fisgi hannayenku muka fito. Na zauna ƙarƙashin itacen lemo ina kuka ina ce muku, "Kun gani? Namu ne, ƙwacewa aka yi." Na yi ta maimaitawa har Nura ya ce, "Inna, to su waye suka gina? Yaya aka yi suka ɗora dutse a kan dutse bai faɗo ba?"

Ban sani ba. Na san labarin rasawa, ban san labarin ginawa ba. Babanku ya sani, amma kukana ya cika wurin, bai samu inda zai sa baki ba.

Kada ki kai jikokina can don su koyi haushi. Ki kai su su ga abin da mutane masu sallah irin tamu suka iya yi da ilimi da haƙuri, su dawo suna jin su ma za su iya. Ku yi sallarku kafin ku shiga, matafiya ne ku, Allah Ya yi muku sauƙi. Akwai ƙananan masallatai a garuruwan, ku tambaya za a nuna muku, kuma yawanci inda masallaci yake nan mai abincin halal yake. In zuciyarki ta karye a ciki, don za ta karye, ki yi hawayenki kaɗan ki share, sannan ki ce wa Sadik ya ɗaga kai ya nemo harafin da ya sani a bango. Yaron nan yana ƙoƙari a Islamiyya, ki bar shi ya karanta da kansa ko zai yi ta tuntuɓe. Ranar da ya gane cewa baƙaƙen da yake koya a Bauchi su ne a bangon wata ƙasa mai nisa, ba zai manta ba. Husna kuma ki bar ta ta tsoma hannu a ruwa in an yarda, ta ƙirga ginshiƙai har ta gaji. Kada ku ce sai kun ga komai. Wuri ɗaya a yini ya isa. In maigidanki ya fara dogon bayani yara suka fara hamma, ki ja shi gefe cikin ladabi ku nemi inuwa. Hoto kuma ku ɗauka, ina so, amma ku fara kallo da ido tukuna.

Saura guda ɗaya, wannan kuma ba a can na yi shi ba, a nan gida ne. Na ɗauke ku na ƙetare teku don ku ga gadon Musulunci, amma ban taɓa riƙe hannunku na zaga da ku cikin garinku ba. Kin girma kina wuce abin da ya rage na ganuwa a kan mashin, ba wanda ya ce miki tsaya ki duba. Makarantar allon da ke bayan gidanmu, kakan kakanki ne ya fara ta. A ƙasan adakata akwai Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa, da tawadar da ya dafa da kansa, yana cikin gafakarsa ta fata. Ke ba ki taɓa ganinsa ba. Na yi ta ɓoyonsa don kada yara su yaga, har yaran suka haifi yara.

In Allah Ya dawo da ku, Asabar ta farko ki kawo mini su da safe. Za su ba ni labarin abin da suka gani, ni kuma in buɗe musu gafakar. Sannan mu fita a ƙasa, daga nan Ƙofar Dumi har Ƙofar Wambai, ni ce ja-gaba, in nuna musu gidajen malamai da inda ƙofofin suke da abin da na ji daga bakin tsofaffi. Na san za ki ce gwiwata, tunda ita ta hana ni bin ku. To ki sani na fara shiri. Kullum da safe ina fita da sandata, shekaranjiya na kai bakin titi, yau na wuce shagon mai ɗinki na dawo ban zauna ba. Kafin ku dawo zan kai.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce na gode da ya cika wa yaran nan wannan buri. Ki ce wa Sadik shi ne mai kula da ƙanwarsa a cikin taro. Allah Ya kai ku lafiya, Ya haɗa ku da mutanen kirki, Ya ciyar da ku halal mai daɗi, Ya buɗe idon yaran da zuciyarsu. Allah Ya jiƙan babanku, Ya sa ladan wannan tafiya ya kai gare shi. Na ba Allah ajiyarku.

Wassalam.

Innarki,
Hajara.